Abin da 'Ya'yan Jarir Suka Yi

A unguwar Tandabawi da ke ƙasa mai tsarki kowa ya san Malam Muttaka ba ya faɗin hadisi sai ya jero waɗanda suka ruwaito shi. Bayan la'asar masu tura keken tsofaffi a Harami ke cika falonsa, 'yarsa Lailatu tana bayan labule tana haɗa shayi. A nan ta haddace abin da ɗaliban ma ba su riƙe ba.

Shi ya sa ranar nan gabanta ya faɗi. Ta ji ya ce, "Manzon Allah ya ce," sai ya kawo wata magana a kan haƙuri da maƙwabci. Ta san maganar sarai, ta marigayiya mahaifiyarta ce, wadda takan faɗa in mutanen saman bene sun zubo musu ruwan wanki. Ɗalibai suka yi salati. Ɗayansu Mudassir kuwa, sarkin ɗauka a waya, tuni ya tura wa mutanen gida can ƙasarsu.

Ba yau aka fara ba. Tun bayan Hajji tsufa ke cakuɗa masa magana, amma bai taɓa kaiwa nan ba. Tsoro ya kama ta, ga tausayin tsohon kamar ta yi kuka.

Washegari da ɗalibai suka zo, ta tsaya a bayan ƙofa. "Halas, shi ke nan, Malam Mudassir, babu karatu. Ka goge na jiya, ka gaya musu ba hadisi ba ne."

Ta murɗa makulli ta koma ciki. Mahaifinta yana zaune da rawaninsa, ya gyara wa baƙi matasai.

"Ina mutanen?"

Ta durƙusa. "Baba, tuna mini labarin Jarir ɗan Hazim."

Fuskarsa ta washe. "Mutumin Basra! Amintacce ne. Da tsufa ya rikita masa hadda, 'ya'yansa suka ɓoye shi a gida, ba wanda ya ji hadisi daga bakinsa a wannan hali."

Ko harafi bai kuskure ba.

"Sun kyauta, Baba?"

"Ƙwarai kuwa. Su suka tsare masa sunansa, Allah ya yi musu albarka." Ya waiwaya wajen ƙofa. "Yalla, je ki buɗe, kar mutane su tsaya a rana."

Lailatu ta ce to. Ta tura makullin ƙarƙashin darduma, ta zuba masa shayi.