Awa Ukun Da Aka Yar

Injiniya, kamar yadda 'yan gidansu ke kiranta ba tare da sun san abin da take ƙerawa ba, ita ce mai kula da rumbun bayanai na wani kamfanin jigilar kaya. Wata Talata rumbun ya nuna mata cewa an sauke wani kwali kafin a loda shi. Da ta bi sawu, sai ta tarar manhajar tana karanta rana da lokaci, amma tana yar da 'yar alamar ƙarshe mai faɗin tazarar agogon ƙasar da aka shigar da bayanin. Ta gyara, kwalin ya dawo hayyacinsa. Ita ce dai tunani ya hana ta sakat.

Rana ɗaya aka haife su da ɗan baffanta, shi ƙarfe bakwai na safe, ita ƙarfe tara. Albarkacin awa biyun nan ta girma tana ce masa Yaya, tana bar masa gaban mota. To amma shi a ƙasar waje aka haife shi, inda Baffa ya yi karatu, agogonsu kuwa yana bayan na gida da awa uku. Ke nan bakwai ɗinsa goma ce.

Ranar hutu ta kai ƙara falon Kaka, inda ta iske Yayan yana gyaran fanka. Kaka ba ta yi mamaki ba. Ta ce lokacin da Baffa ya bugo waya da albishir, har an yi wa Injiniya wanka. Amma tunda mai digiri ya ce bakwai, ita wace ce da za ta ja?

Injiniya ta shirya wa gardama. Shi kuwa ya sauko daga kan kujera, ya tambaye ta ko lissafin ba ya tashi. Ta tabbatar masa.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. Ya zaro makullan gidan ya damƙa mata, ya sanar da ita cewa asibitin Kaka ranar Alhamis ne, Gwaggo da Baffa ba sa ga-maciji tun watan jiya, famfon bayan gida kuma yana yoyo. "Babba ake kira, Yaya."

Ta juya makullan a hannu, ta ce a gaskiya ya kamata a binciko ko ƙasar tana matsar da agogonta gaba da awa ɗaya da bazara, kamar yadda wasu ƙasashe ke yi.

"Bincika a tsanake," in ji Kaka. "Amma fara da famfon."