Rigunan Greivin a Kan Igiya

Greivin ya bar gida ran wata Lahadi da hantsi, mutane na dawowa daga coci. Bai yi faɗa ba, bai buga ƙofa ba. Ya zuba kayansa a jakar da yake zuwa ƙwallo da ita, ya tsaya a bakin ƙofa idonsa a ƙasa, ya ce, "Idania, ni dai na kasa." Daga nan ya gangara ya hau motar Limón, inda wani ɗan'uwansa ke da garejin manyan motoci.

Abin da ya kasa kowa a layin ya sani. Ɗansu Josué ya zo duniya babu rai, cikin damina, aka binne shi a maƙabartar Alajuelita cikin ɗan farin akwati wanda Greivin ya rungumo shi kaɗai. Tun daga ranar ba su ƙara iya kallon juna ba. Ita tana son a yi maganar yaron, shi ko sunan ba ya son ji.

Idania 'yar Nikaragwa ce irinmu, daga wani ƙauye bayan Matagalpa. Shi ɗan ƙasa ne, haifaffen Kosta Rika. Katin zamanta a jikin aurensa yake rataye. Duk shekara sai sun je ofishin shige da fice tare, a tambaye su ko har yanzu rufi ɗaya suke kwana, sannan a sabunta mata. Saura sabuntawa ɗaya ta tsaya da ƙafarta, ga shi lokacin ya ƙarato, ga miji ya yi gaba.

Sai da ta ga jakarsa ta sha kwana sannan abin ya faɗo mata. In katin ya mutu, wata rana za a sa ta a mota a kai ta iyaka a ajiye. Aiki ana samu a ko'ina, ɗaki ma haka. Amma Josué ba ya tashi daga inda yake. Wa zai cire masa ciyawa? Wa zai ma san akwai mutum a ƙarƙashin ɗan gicciyen nan?

Mu a inda muka fito, magana ba ta kwana a unguwa. Abin da ka faɗa a bakin famfo da safe, kafin la'asar yana kunnen hukuma, kuma ba za ka taɓa sanin wanda ya kai ba. Da wannan muka girma, da shi muka tsallako. Saboda haka Idania ta yanke cewa babu mahaluƙin da zai san Greivin ba ya nan.

Ya manta riguna biyu na aiki a bayan ƙofa, da wasu tsofaffin takalma. Kullum da sassafe sai ta jiƙa rigunan ta shanya su a igiyar da ke kallon titi, takalman kuma ta jera su a bakin ƙofa kamar yanzu aka cire. Shinkafa da waken safe na mutum biyu take soyawa. Ran da ake ƙwallo ta ƙure rediyo, ita da ba ta san ko 'yan wasa nawa ne a fili ba. Wani lokaci har ta ɗaga murya ta ce, "Greivin, abincinka zai huce!" Sai ɗakin ya yi tsit, ta tsaya riƙe da cokali.

In farar mota irin ta jami'an shige da fice ta tsaya a layin, sai ta shige ɗaki ta ja ƙofa. A bas ba ta buɗe baki, kada a ji harshenta a juyo. Mai gidan haya ya zo duba bututun ruwa, ta ce masa maigidan yanzun nan ya fita.

Ta kira Greivin a waya ba sau ɗaya ba. Ran da ya ɗauka, ƙarar injina na tashi a bayansa.

"Yini ɗaya ne kawai," ta ce. "Ka zo mu je, ka ce muna tare, ka koma abinka. Ba zan ƙara neman komai a wurinka ba."

"In je in yi wa hukuma ƙarya? Kin san abin da ake yi wa mutum kuwa?"

"To ni fa? Ka san abin da za a yi mini?"

"Da ma abokaina sun faɗa, wai kati kika aura, ba ni ba."

"Kati ne ya yi mini ciki, Greivin?"

 Sai muryarsa ta sauko. "Ki yi haƙuri, ban kyauta ba. Amma ba zan iya taka garin nan ba, Idania. Ko tashar ba na son gani. Na riga na yi wa lauya magana a raba auren." Ya kashe.

Bayan wannan ne barci ya ƙaurace mata. Aikatau take yi a gidan wata tsohuwar malamar makaranta a Escazú, wata rana tana guga sai ta farka ta gan ta kwance a ƙasa, uwar ɗakin na yi mata fifita da jarida. A asibitin unguwa nas ta auna ta, ta dube ta sosai, ta ce jininta lafiya, ciwon ba a nan yake ba. Ta tura ta wata cibiyar mata da ke bayan kasuwa, wurin mai ba da shawara.

Ta je ne don tsoron kada a rubuta cewa an tura ta ta ƙi. Matar sunanta Doña Marielos, gajera mai furfura, tabarau rataye a wuya, tana ta ba da haƙurin fankar da ta lalace. Ta zuba mata kofi. Idania ba ta ga kofin ba, biron da ke hannun matar kawai take kallo. Duk wanda ke zaune bayan tebur yana rubutu, ai bakinsa ɗaya da hukuma.

"Ya ya maigidan naki yake ɗaukar rashin?"

"Lafiya lau. Yana ƙoƙari. Jiya ma shi ya wanke kwanuka."

"Kuna maganar yaron?"

"Kullum."

Biron ya motsa. Da lokacin ya cika Idania ta miƙe ta fito. Haka ta riƙa zuwa duk Laraba tana gina wa Greivin hali na gari, har ta ƙirƙiro masa ciwon baya da son soyayyar ayaba.

Wata safiya tana shanya rigunan sai ta ji an yi gyaran murya. Doña Socorro ce ta ɗakin da ke kallon nata, tsohuwa 'yar León ta can ƙasarmu, mai sayar da nakatamal, alalar masara ta cikin ganyen ayaba, ran Asabar, ta jingina da katanga tana goge hannu da zanen gabanta.

"Ke 'yar nan, zo in tambaye ki. Wane irin makanike ne wannan, rigunansa ko ɗigon baƙin mai babu? Kin wanke su har sun fi na limamin coci fari."

Rigar ta suɓuce daga hannun Idania.

"Ga takalman can kuma, gizo-gizo ya yi saƙa a ciki har ya yi 'ya'ya. Mijin naki tashi sama yake yi in zai tafi aiki?"

"Inna, don girman Allah..."

"Ke, rufe mini baki, kar ki faɗi a nan in rasa mai ɗaga ki. Duk layin nan an sani tun makon farko. Ran da kika ƙure ƙwallo, kulob ɗin da yake zagi kika saka. Babu wanda ya ce uffan, babu kuma mai cewa."

Ta ja ta ɗakinta, ta zaunar da ita cikin ganyen ayaba da ƙamshin ƙullun masara. Idania ta faɗa mata komai tana haki.

"To sai me?" in ji tsohuwar. "Ki bar katin ya mutu, ki yi lamo. Ni tun kafin a haife ki nake garin nan, ko takardar ƙunshe tsire ban da ita. Ba ga ni ba?"

"Ya kike yi?"

"Ba na zuwa cikin gari. Ba na hawa motar da ke bin babban titi. In na ga kaki in shige shagon da ya fi kusa in yi ta taya sabulu. Haƙorin nan da kike gani, da kaina na cire shi." Ta yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. "Uwata ta mutu, a waya na ji ana rufe ta. In na fita ba dawowa, shi ya sa."

Idania ta dubi matar, ta dubi ɗakin da tagarsa ke rufe da rana tsaka. Ta ga kanta a nan, da furfura, tana leƙe ta kafar labule. Tsoron da ya kama ta a lokacin ya fi na farar mota.

Larabar da ta biyo, Doña Marielos ba ta tambayi Greivin ba. Ta ce, "Ba ni labarin wurin da Josué yake."

Idania ta soma. Ta ce akwai wata bishiya kusa da shi mai zubar da fure ruwan ɗorawa, da rani sai ta lulluɓe shi. Ta ce tana zuwa da gwangwanin ruwa da 'yar wuƙa ta cire ciyawa.

"Wa ke riƙe miki ruwan in kina cirewa?"

"Babu kowa. Ni kaɗai nake zuwa tun da ya..."

Ta ji abin da ta faɗa. Ta ga biron ya sauka kan takarda. Ba ta san lokacin da ta miƙe ta damƙe hannun matar ba.

"Kar ki rubuta! Don Budurwa Maryamu kar ki rubuta, ranki ya daɗe. Za su kai ni iyaka. Zan faɗa miki komai, amma kar ki aika musu."

Doña Marielos ba ta fizge hannunta ba. Da ɗaya hannun ta juya takardar ta tura mata. "Karanta."

Layi kaɗan ne. Ba ta barci. Ba ta cin abinci sosai. Tana tsoron wani abu, ban san ko mene ne ba tukuna.

"Wannan nawa ne, don kada in manta ke wace ce in kin dawo. Ni ba ma'aikaciyarsu ba ce, 'yata. Yaushe ya tafi?"

Sai kuka. Irin wanda ba ta yi ba ko ran jana'iza, don ranar tana ta lura da Greivin kada ya faɗi da akwatin. Matar ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ce akwai lauya da ke zuwa cibiyar, in ta yarda a kira ta.

Lauyar ba ta yi mata daɗin baki ba. Ta ce hanyar aure ta rufe, kuma da sun je sun yi ƙarya an gano, da ya fi haka muni. Ta ce akwai wata ƙofar: ta nemi a mayar da zamanta kan aikinta, in uwar ɗakinta za ta tsaya mata. Amma sai ta je da ƙafarta kafin katin ya mutu, ta faɗi gaskiya da bakinta.

"Za su yarda?"

"Ban sani ba. Ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Na ga waɗanda aka ba, na ga waɗanda aka hana."

Uwar ɗakin nata ta yi mita, ta ce ita ba ta son hulɗa da ofisoshi, ta ce me ya sa ba a faɗa mata tun farko ba. Daga baya ta nemo tabarau ta sa hannu.

Ran tafiya ofishin shige da fice Doña Socorro ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa coci ta ce za ta raka ta. Ta hau motar babban titi, tana ta addu'a ƙasa-ƙasa, jakarta ƙanƙame a ƙirji. Da suka sauka ta hango ginin da masu gadi a ƙofa, sai ta toge a gaban wani mai sayar da lemo.

"Iyakata nan. Ko Fafaroma ne a ciki ba zan ƙara taku ba. Je ki, ina nan."

Layin ya yi tsawo, yawanci namu ne, kowa rungume da takardunsa, ba mai kallon wani. Lauyar ta same ta a ciki. Da aka kira lambarta, ta miƙe ta nufi teburin. Jami'in matashi ne, yana fama da mura. Ya karɓi katin ya duba.

"Ina maigidan? Ai tare ake zuwa."

 Ta ji tsohuwar amsar ta taso mata har maƙogwaro, yana wurin aiki, bayansa ke ciwo. Ta dubi ƙofar gefe, inda wani mai kaki ke tsaye.

"Ba ya nan," ta ce.  "Ya tafi. Auren ya mutu. Na zo ne a kan aikina."

Ta jira ya ɗaga hannu ya kira mai kakin. Ya jawo hankici ya fyace hanci, ya karɓi takardun daga hannun lauyar, ya shiga buɗawa ɗaya bayan ɗaya. Ya yi mata tambayoyi, ta amsa, duk gaskiya. Can ya buga hatimi a wata 'yar takarda ya miƙo mata, ya ce ta riƙe ta a jikinta duk inda za ta, shaidar cewa maganarta na gaban hukuma. Za a neme ta.

Ta fito rana ta dake ta. Doña Socorro na inda ta bar ta, ta sayi lemo har ya ɗumame a hannunta ba ta sha ba.

"Sun sake ki?"

"Sun ce in jira."

"Har yaushe?"

"Ba su faɗa ba, Inna. Suna iya hanawa."

Tsohuwar ta karɓi takardar ta jujjuya, ta shafa hatimin da ɗan yatsa, ta daɗe tana kallo. Sannan ta mayar mata.

"Sa a rigar mama, kar ki sa a jaka. Mu bar nan, ƙafafuna rawa suke."

Na Idania ma rawa suke. Suka riƙe juna suka tsallaka titi.