Kwanson Kabarin Inna

A garinmu ba a rufe kabarin mace da siminti. Kwanson abin da aka tsinto a laka aka ciyar da masu zaman makoki, shi ake shimfiɗa mata. Mahaifiyata Inna Ibiere kuwa ta ƙare rayuwarta ne a lakar nan, inda kogi ke haɗuwa da teku, don haka da ruwa ya janye na ɗauki kwandonta, ɗiyata Belema ta biyo ni.

Da ina yarinya, kafin ka taka sau uku ka taka kawa, 'yar halittar ruwan nan mai kwanso biyu, kaguwa ta cafke maka yatsa, dodon koɗi kala-kala. Yanzu na zura hannu har gwiwa na zaro baƙin taɓo mai warin kananzir, jajayen tsutsotsi na mutsu-mutsu a ciki. Tir! Ɗan abin da muka samu, ƙananan dodon koɗi ne masu maiƙo, ko kare ba zai sansana ba.

Ƙanena Sokari, mutumin birni, yana jiranmu a bakin gaɓa da farin takalminsa.

"Yaya, don Allah ki bar wahalar da kanki. In kawo tayil mu manna, a wuce wurin."

"Tayil? Uwar taka banɗaki ce?"

"To da wannan ƙazantar za ki rufe ta?"



Sai na ɗauki fartanya na nufi bayan ɗakin Inna, inda take zubar da kwanso tun tana amarya. Na haƙa tsibin. Can ƙasa ga kawa faɗin tafin hannu, ga makankari, ga wasu masu zane da na manta sunansu. Belema ta ɗaga ɗaya tana juyawa.

"Mama, wannan a nan aka same shi? A ruwanmu?"

Da tsohon kwanson muka rufe Inna. Dattawa suka kau da kai kamar ba su gani ba. Kabarin ya yi kyau, amma tsibin ya ƙare tas.

Da muka dawo na tsaya a bayan ɗakina, na dubi nawa jujin. Gwangwanin kifi ne da ledar taliya, ƙudaje na bi.

"Belema," na ce, "ni da me za ki rufe ni?"

Ta dubi jujin, ta sunkuyar da kai.