Haruffa Ɗari

Auta bai yi nisa a makaranta ba, amma ya koyi haɗa shafin intanet a shagon wani mai gyaran kwamfuta. Shafin farko da ya haɗa don kansa na Kaka ne, mahaifiyar Ummansa. Tun da ciwo ya kwantar da ita, kullum da hantsi yakan zauna a bakin gadonta da kwamfuta a cinya, tana faɗa yana bugawa.

"Maigidana, rubuta," in ji ta. "Ba cefane, ba sutura, ko wannan ɗin ka yi mini."

"Ai na sake ki tun bara."

"Wa zai kwashe ka, da wannan wuyan kamar na zalɓe?"

Wata uku suna haka. Labari arba'in da ɗaya ta ba shi, na ƙarshen kuwa saƙo ne zuwa ga Umma, wadda ta shekara ashirin ba ta wuce gaisuwa da mahaifiyarta ba. Kaka ta ce kada a buɗe sai bayan ranta.

Don kada jerin labaran ya cika fuskar shafin, Auta ya rubuta layi ɗaya na umarni: a ɗauki haruffa ɗari na farkon kowane rubutu, a yanke sauran, a liƙa ɗigo uku. Kullum yana ganin farkon labaran a jere, tsaf, sai ya rufe kwamfutar da murna. Bai taɓa danna ko ɗaya ya ga cikonsa ba.

Kwana tara da rasuwar Kaka, Umma ta shigo ɗakinsa ta zauna a kan tabarma.

"Auta, karanta mini abin da ta bar mini."

Ya danna. Abin da ya fito ke nan: "Ke 'yata, ranar da na ce ki bar mini gidana, akwai abin da ban gaya miki ba. Tun da safe mahaifinki…"

"Ina jin ka."

"Bari ya gama buɗewa, Umma."

Ya leƙa ma'ajiyar da rubutun yake zama. Haruffa ɗari ne a can ma. Ya duba labari na ɗaya, na biyu, na goma, duk haka. Da ya koma kan umarnin sai ya ga kuskuren. A wurin nunawa ya kamata layin yankan ya zauna, shi kuwa ya sa shi kafin wurin adanawa. Wata ukun nan, Kaka na faɗa, shafin na datsewa yana zubarwa.

Da Umma ta ga ya daɗe yana dube-dube, sai ta ce, "Ba kai ka rubuta ba? Ai ka ji da kunnenka."

Ya ji, amma ji irin na mai bugawa, maganar ta bi yatsu ta wuce. Yana tuna tarin da ya sarƙe ta a tsakiya, da ruwan da ya miƙa mata. Akwai batun wata wasiƙa, ko kuwa wannan a wani labarin ne? Ya so ya ƙirƙiro mata wani abu mai daɗi, bakinsa ya ƙi.

"Umma, ni na goge shi. Ban sani ba."

Ba ta yi faɗa ba, shi kuwa da faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta matso, ta ƙura wa ɗigo ukun ido, ita da ba ta iya karatu ba.

"To, sake karanta mini wanda ya rage," in ji ta. "A hankali."