Tabon Wuyan Micheline

Da daminar 1974 wasu fararen tabo suka fito wa Micheline a wuya da kafaɗa. 'Yar duwatsun Mokolo ce, shekararta tara tana tuyar ƙosai a bakin rumfunan mahauta a kasuwar Djamboutou. Ba ta damu ba, don ba sa ciwo, sai ɗan ƙaiƙayi idan ta yi gumi.

Halliru, babban mahautan wurin, shi ya fara cewa kuturta ce. Kafin kwana uku ƙosanta ya koma hucewa a tire, ba mai kallonsa.

Ta tafi ɗakin magani. Dieudonné, ma'aikacin jinya, ya kankare tabo ɗaya, wani gari ya tashi kamar dusa. Ya sa ta rufe ido, ya shafa mata auduga, sannan ya ɗan soka allura. Ta zabura.

"Kyasbi ne, Madam," in ji shi. "Tabon kuturta ba ya jin taɓi." Ya ba ta maganin shafawa, ya ce farin zai ɗauki watanni kafin ya koma, gara ta riƙa rufe wuyan da gyale.

"Ban saci kome ba, balle in ɓoye," ta ce.

Washegari da hantsi ta zo kasuwa da ɗaurin ƙirji, kafaɗunta a waje. Ta wuce kai tsaye rumfar Halliru, ta ajiye allura kusa da wuƙarsa.

"Malam Halliru, kai ka ce ni kuturwa ce. Soka ka gani."

"Subhanallahi! Madam, ni zan taɓa matar mutum?"

"Da bakinka ya taɓa ni, ka nemi izinin mijina?"

Mahauta suka ajiye gatari. Halliru ya sunkuyar da kai yana ta gyara nama. Sai Karimatu mai fura, tsohuwar da ba ta tsoron kowa, ta ɗauki allurar, ta ce wa Micheline ta juya baya. Ta daɗe tana jira don kada a ce an shirya, sannan ta caka a tsakiyar tabon.

"Wayyo, Inna! Ai ba cewa na yi ki ɗinke ni ba!"

Wurin ya ɓarke da dariya. Karimatu ta ja ta zuwa wajen kasko, ta ɗauki ƙosai biyu ta ci a gaban kowa.

Masu saye sun dawo, amma ba duka ba. Halliru bai taɓa ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba. Sati na zagayowa ta ɗauke murhunta daga inda yake, ta kafa shi daf da rumfarsa, ta ci gaba da tuya a nan.