Jan Rawanin Abdurrahim

Tun da ɗanmu Abdurrahim ya bar karatun injiniya ya koma tarihin ƙasar Sin, babansa, Alhaji Bello, bai sake ce masa ko sannu ba. Taurin kai dai gadonsu ne. Da ƙyar na jawo Alhaji zuwa wasan kwaikwayon da 'yan ajinsu suka shirya a jami'a, ina fatan a shirya a can.

Neman wurin fakin ya makarar da mu. Mun tarar an yi nisa: kogi ya cinye gonaki, ga yunwa, gidan sarauta na tangal-tangal, amma hakimi ya tasa manoma gaba sai sun haƙa masa madatsa. Sai ga Abdurrahim ya fito da jan rawani.

Innalillahi! Ban taɓa tambayarsa kayan da zai sa ba.

A garinsu Alhaji, dogarai ne ke naɗa jan rawani. Yana yaro suka ɗaure mahaifinsa a bakin kasuwa, suka zane shi a gaban idonsa don ya ƙi noman gandun hakimi.

Alhaji ya miƙe tsaye.

"Dogari? Salwa, abin da kika kawo ni in gani ke nan? Jikan Malam Iliyasu ne dogari?"

Wasu Turawa da ke bayanmu suka fara gyaran murya. Na cafke bakin rigarsa.

"Don girman Allah ka zauna. A can ƙasar Sin talakawa ne masu jan rawani. Shi ne shugaban manoman da suka yi bore."

"Sakar min riga."

Ban saka ba. Na san in ya fita ƙofar nan, shi da yaron sai dai a lahira. Abdurrahim ya hango mu, maganar ta maƙale masa. Mai tuna wa 'yan wasa magana ya fara raɗa daga bayan labule.

Wanda ya fito a hakimi ya ɗaga bulala kan wani tsoho manomi. Ɗana na tsaye da fartanya kamar an dasa shi, idonsa na kan ubansa.

Bulalar ta sauka. Alhaji ya zabura kamar a bayansa ta faɗa, muryarsa ta fashe.

"Abdurrahim! Tsayawa za ka yi kana kallo? Ƙwace bulalar nan!"