Lallen Ranar Makulli

Damina biyu Raliya ta yi da 'ya'yanta uku a ajin wata makaranta a Gashua, tun shekarar da kogi ya cika ya cinye musu gida. Don haka da gwamnati ta fito da sabon tsarin gidaje, ba ta tsaya shawara da kowa ba. Gwamnati ce ke ba da fili da siminti, 'yan kasuwa su kawo kwanon rufi, marasa muhalli kuma su zuba ƙarfinsu wajen buga bulo. Wata bakwai tana ɗaukar bulo, har sunanta ya fito a gida mai lamba sha tara.

Ana jibi za a raba makullai a Nguru, Gogo, ƙanwar mahaifiyarta, ta kwaɓo mata lalle. A cewarta, mace ba ta shiga sabon ɗaki da hannu fari fat. Gogo kuwa ba ta san kaɗan ba a harkar ƙunshi. Sau biyu ta maimaita, sai da yatsun suka yi baƙi ƙirin.

A ofishin Nguru, ma'aikacin da ke tantancewa, Malam Sabitu, ya ce ta ɗora babban yatsa a kan na'ura. Na'ura ta kawo ja maimakon kore. Ta sake, ja. Ta canza hannu, ja.

"Hajiya, lallen nan ya rufe zanen yatsunki," in ji shi. "Dokar kuwa ita ce, wanda na'ura ba ta gane shi ba zuwa la'asar, gidansa ya koma ga na bayansa. Mutum ɗari huɗu ke jira."

Tsoro ya kama Raliya. Ta tuna shugaban makaranta ya ce ranar Litinin ɗalibai za su koma ajin. Ina za ta kai yara? Ta fita ta dirje yatsu da yashi, da lemon tsami, har da kananzir da wata mata ta sam mata. Lallen Gogo ko gezau. Ita kuwa Gogo da ta rako ta, mai bakin nan da ba ya hutawa, ta rakuɓe jikin bango tana jan carbi.

Aka fara kiran sallar la'asar. Raliya ta koma, ta gwada yatsa tara ɗaya bayan ɗaya, duk ja. Matar da ke bin ta a jerin suna ta matso kusa da tebur, goye da jariri, ta kasa haɗa ido da ita.

"Wancan fa da kika naɗe da tsumma?" Malam Sabitu ya tambaya. "Ai goma muka ɗauka ranar rajista."

Ƙaramin yatsanta ne na hagu, wanda bulo ya datse a makon ƙarshe na aiki. Saboda ciwon ne Gogo ta tsallake shi. Raliya ta kwance tsumman da haƙori. Farcen ya fita, amma cikin yatsan lafiya lau. Ta ɗora shi, ta runtse ido.

Ba ta ga koren ba, ƙarar makulli a kan tebur ta ji. Da ta juyo, matar nan mai goyo ta riga ta kai bakin ƙofa, tana gyara zani.